Doyar da Ta Ƙi Komawa Dama

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, Kawu Rufus ne ya juya Kafanchan. Haka yake faɗa, kuma har yau bai gaji da faɗi ba. Abin da ya faru shi ne an nemi 'yan sa-kai da za su tsaya a mahaɗar hanyoyi ranar Ista, ranar da dokar ta fara aiki. Aka ba Kawu usur, da farar safar hannu, da jan ƙyalle na ɗaurawa a damtse, aka tsayar da shi kusa da kasuwa. Ranar kowa yana coci. Abin da ya wuce ta gabansa shi ne wata lorin citta daga Kachia, da 'yan kekuna, da wani jaki da ya bi tsakiyar titi bai goyi bayan kowa ba. Bayan 'yan kwanaki aka karɓe ƙyallen. Usur da safar hannun kuwa ya ce sun ɓace.

Kawu yayan Mama ne. Mama, Afiniki, ta rasu a ranin nan, ba ta jira ruwan farko ba. Da muka binne ta sai Kawu ya kwaso akwatinsa da kekensa ya tare a gidanmu, wai zai riƙe ni. Ni da na bar makaranta a fom tu na yi jinyarta, ni nake tuƙa tuwon da yake samun ƙarfin riƙe ni da shi.

Mama ba ta bar dukiya ba. Ta bar littafin waƙoƙi, da muciya wadda ta cinye ta gefe ɗaya, don Mama bahaguwa ce. A makarantar mishan sun sha ɗaure mata hannun hagu a jikin benci. Ta fito ba ta ƙware a rubutu ba, amma hagunta yana nan lafiya. Sai kuma ƙwarya a ɗakin girki, da 'ya'yan doyar bisa guda uku a ciki. Doyar bisa ita ce wadda take haihuwa a sama, 'ya'yanta rataye a gindin ganye kamar duwatsun rafi. Irin na Mama ba shi da ɗaci. Daga gonar kakarmu a bayan Kwoi ta zo da shi lokacin aurenta, kuma can ɗin an daina shuka shi tuntuni. In ukun nan suka tafi, shi ke nan.

Da ruwa ya sauka na shuka ɗaya a bayan ɗakin girki, na kafa mata gora. Ta fito siririya, kanta yana lalube cikin iska kamar hannun mai neman ƙofa a duhu. A hankali yake kewayawa, har ya taɓa gorar, ya rungume ta, ya fara hawa. Kowace safiya nakan je in tsaya wurinta kafin in gaishe da kowa.

Can Kawu ya same ni, safar hannunsa tana leƙe daga aljihu.

"Meshak, wace hanya wannan abin yake bi?"

"Sama, Kawu."

"Ban tambaye ka sama ba. Ta wane hannu?"

Na duba. Ta hagu take naɗewa.

Ya nuna ta kan shinge, gonar maƙwabciyarmu Mama Selina, ƙawar Mama tun suna 'yan mata. Doyarta ta ƙasa ce, irin wadda kowa ya sani, kowace a kan kunyarta da gorarta.

"Dubi na Selina. Dama, dama, dama. Doya masu bin doka. Sai a gidan da nake kwana, ni da na juya Kafanchan, a nan ne za a yi wa gwamnati tawaye?"

Mama Selina tana shanya tsirarriyar dawar burukutu a can gefe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Oga Tirafik, doyata a kan kunya yake, shi ya sa yana da kunya. Ka bar doyar Afiniki. Haka uwarsa ya haife shi."

"Ba a haifi kowa da hagu ba. Rashin horo ne. Tsiro yana jin oda, ku ne ba ku iya ba da ita ba."

Ya ja mu har bakin layin dogo, inda ciyawar nan mai kunya take, wadda yara ke kira kama-walkinka. Ya gyara tsayuwa, ya busa usur, ya zungure ta da sanda. Ganyen suka rufe, rassan suka sunkuya.

"Kun gani? Ciyawa ma ta san ofisa."

"Akuyata ma in ya sa baki haka yake rufewa," in ji Mama Selina. "Shi ma ofisa ne?"

Lahadin nan, lokacin ba da shaida, Kawu ya tashi a gaban ikilisiya. Wasu sukan yi shaidar warkewa, wasu ta haihuwa. Shi ya yi shaidar abin da bai faru ba tukuna. Ya ce Lahadin ƙarshe na watan gobe, bayan sujada, kowa ya biyo shi gida ya ga doyar da ta tuba ta koma dama. Fasto ya ce amin, amma a hankali ya faɗe ta.

Washegari aka fara aiki. Kawu ya samo guntun katako ya kafa a kan sanda kusa da doyar. Katakon bai da faɗi, sai ya rubuta a layi biyu da farin fenti, KOMA a sama, DAMA a ƙasa, ya ja kibiya a ƙarƙashi.

"Kawu, ta iya karatu?"

"Direbobin Kachia sun iya ne? Ai sun bi."

Ya warware ta daga gorar, ya naɗa ta ta dama, ya ɗaure da zare. Da safe inda ya ɗaure yana nan yadda ya bari, amma sabon kan da ya fito sama da zaren ya yi kwana ya kama hagu. Ya sake ɗaurewa. Ta sake fitowa. Kafin mako ya ƙare doyar Mama ta koma kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, zare tun daga ƙafa har wuya. Rannan ya murɗa da ƙarfi, kan ya karye a hannunsa.

"Yanzu ta ji," ya ce.

Ta ji kuwa. Inda kai ɗaya ya karye, rassa suka fito daga gindin kowane ganye, kowane ya miƙa hannu ya kama gora ta hagu.

"Oga Tirafik," Mama Selina ta kira ta kan shinge, "ya kira 'yan'uwansa. Ka nemo ƙarin 'yan sanda."

Na roƙi Malam Gilbert, malamin firamare mai koya mana waƙar kwaya, ya zo ya yi masa magana. Malam ya zo da kekensa, ya duba doyar, ya duba allon, ya share gilashinsa.

"Baba Rufus, tsiro ba shi da kunne. Yana jin haske, ya karkata wajensa. Yana jin taɓawa, shi ya sa kama-walkinka take rufewa, kuma shi ya sa wannan take kama gora. Saiwa tana jin inda ƙasa take ta bi, kai yana jin inda sama take. Amma hannun da kowane iri zai naɗe, da shi yake zuwa duniya. Doyar ƙasa dama, doyar bisa hagu."

Kawu yana ta gyaɗa kai. A duk bayanin nan kalma ɗaya ya ɗauka.

"Haske. Na gode, Malam. Abin da nake faɗa ke nan, kai dai ka sa masa Turanci."

Ya je ya aro fitilar coci, babbar nan mai famfo, ya ce na mintoci ne. Da magariba, bayan an ɗauke wani ruwa mai ƙarfi, ya rataye ta a hannun dama na doyar, ya yi mata famfo har bayan gidanmu ya koma kamar tashar jirgi. Ya sa safar hannu ya tsaya yana nuna wa doya hanya.

Maganar Malam gaskiya ce, akwai masu bin haske. Shinge ne, garar nan mai fiffike, suka fara zuwa, 'yan kaɗan, sannan duk wata gara da ke tsakanin Kafanchan da Manchok ta aiko da wakilai. Suka rufe fitilar, suka rufe Kawu, suka shiga wuyan rigarsa da kunnuwansa. Kwaɗi suka biyo shinge. Kajin da suka riga suka hau kwana suka sauko suka biyo kwaɗi. Matan unguwa suka biyo kaji da kwanoni da tsintsiya, don shinge soyayye ba abin wasa ba ne. Kawu ya kai usur baki don ya tsayar da tirafik, ya ja numfashi, ya ja har da fasinja. Yana tari yana dukan iska, gwiwar hannunsa ta sami fitilar. Ta faɗo, gilashi ya fashe, kananzir ya kama zare, zare ya kai wuta har sama.

Ni na kawo ruwan da aka kashe ta. Da safe gora baƙa ce kawai a tsaye. Na tona ƙasa, 'yar doyar ta dahu.

Mama Selina ta aiko mana da shinge cike da kwano, da saƙon cewa a gode wa ofisa, in zai sake kunna fitila ya sanar da zumuntar mata tun da wuri.

Na yi zaton ya haƙura. Ban san ya riga ya shiga ɗakin girki ya ɗauki ta biyu ba.

"Na gano inda kuskuren yake," ya ce. "In mutum ya tsaya da kansa, hagunsa ya zama dama. Lissafi ne."

"Kawu, saura biyu kawai."

"Shi ya sa za mu yi daidai wannan karon."

Ya ari tukunyar burukutun Mama Selina ba tare da ta san ta ba da aro ba. Ya cika ta da ƙasa, ya binne doyar, ya ɗaure bakin da buhu mai huji, ya rataye ta kife a reshen mangwaro. Tsiron ya leƙo ta hujin yana kallon ƙasa. Bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya lanƙwasa kamar ƙugiya, ya bi cikin tukunyar ya haura, ya sami igiyar da aka rataye ta, ya fara hawa. Ta hagu.

Kawu ya ajiye kujera a ƙarƙashi yana yi masa wa'azi. Bai lura ba cewa ruwan sama yana jiƙa ƙasar kullum tana ƙara nauyi, igiyar kuma tsohuwa ce. Allah ya taimake shi ya sunkuya ɗaukar usur lokacin da ta tsinke, tukunyar ta sauka a gadon bayansa maimakon kansa. Ƙasa ta watse, doyar ta gangara, aladen Mama Selina da yake kiwo a wurin ya karɓe ta kafin ta tsaya.

"Tukunyata ne wannan?" Mama Selina ta tambaya, tana juya wani guntu da ƙafa.

"Aladenki ya cinye shaidata," Kawu ya ce daga ƙasa.

"To ka bi shi, ka ga ta wane hannu zai fito."

Ta ƙarshen ban bar ta a ƙwarya ba. Na shuka ta da hannuna a kusurwar gida, na je na tsaya gaban Kawu yana kwance ana gasa masa baya. Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba.

"Kawu, wannan ta Mama ce. Ka bar mini ita."

"Uwarka ƙanwata ce kafin ta zama uwarka. Ita ma haka take, taurin kai. Je ka, ba zan taɓa ba."

Ta fito, ta kama gora, ta fara hawa. Sai aka kira ni aikin ƙodago a gonar citta wajen Kachia, aikin da ba a ƙi, don gidan da ke riƙe da Kawu yana bukatar dawa. Da na dawo na tarar an kewaye kusurwar da zana mai tsawo, Kawu yana zaune a bakin ƙofa da usur a wuya. Allon KOMA DAMA babu shi.

"Kawu, ka ce ba za ka taɓa ba."

"Ban taɓa ba. Tana tirenin. Mai tirenin ba a ziyartarsa."

Na yi ta kewaya zanar nan kwana da kwanaki ban sami huji ba. Ko wanka zai je sai ya ɗaure ƙofar da waya. Na je wurin Mama Selina, na zauna. Ta zuba mini kunu.

"Sha, ɗan Afiniki. Lahadi yana zuwa. Ƙarya fure yake yi."

Lahadi ta zo. Bayan sujada rabin ikilisiya suka biyo Kawu gida: Fasto, da dattawa, da Malam Gilbert, da matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya mai ruwan bula. Kawu bai je sujadar ba sai wajen waƙar rufewa, ya shigo da laka a ƙafar wando. Yanzu ya sa safar hannu, ya hau kan turmi, ya ba da tarihin ranar Ista tun daga farko. Lorin citta ta zama ayarin loroli. Jakin bai samu shiga ba.

Ya busa usur, ya ja zana.

Doya ce a tsaye, ta naɗe gora tun daga ƙasa har sama, ta dama, ba zare ko ɗaya. Jama'a suka yi gunaguni. Wani dattijo ya ce ikon Allah. Ni kuwa tunani ɗaya ya zo mini. Ashe ita ma an iya juya ta.

Mama Selina ta matso, hannu a ƙugu, ta sunkuya.

"Rufus, yaushe doyar bisa ya fara ƙaya?"

"Horo ne. Soja ma in ya fito tirenin ba a taɓa shi."

"Ganyen fa? Na Afiniki faɗin tafin hannu biyu ne. Wannan kamar kunnen ɓera."

"Ta rame."

"Me ya sa yake yaushi kamar yau aka tuge shi?"

"Kunyar jama'a take ji."

"To. Wancan ƙyallen a kan gora fa?"

Kowa ya ɗaga kai. A can ƙololuwar gorar, inda gajeren mutum ba zai lura ba in yana sauri, wani ƙyalle mai ruwan bula yana kaɗawa.

"Tutar nasara ce," in ji Kawu.

"Tsohon zanena na zumunta ne, da na yayyaga na ɗaura wa gorata saboda masu dogon hannu."

Matan zumunta suka dubi ƙyallen, suka dubi zanen da ke jikinsu. Mama Selina ta nuna ta kan shinge. A tsakiyar layin doyarta akwai rami sabo, kamar bakin tsohon da haƙori ya fita.

Fasto ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Rufus. Ranar Lahadi."

"Ba sata ba ce, Fasto. Misali ne. Ubangiji ma da misalai ya koyar."

"Bai tuge doyar gwauruwa ba. Kuma har yanzu muna jiran fitilarmu."

Dariya ta ɓarke, har dattijon da ya ce ikon Allah sai da aka riƙe shi. Ni ban yi ba. Na jira ta ɗan lafa.

"Kawu, ina ta Mama?"

Ya dubi safar hannunsa.

"Ta ƙi jin magana. Na yi mata tiransfa."

"Ina?"

"Juji. Tun ranar da ka tafi Kachia."

Na bi ta bayan garken awaki, jama'a suka biyo ni, don wanda ya zo kallo ba ya komawa da rabin kallo. Jujin yana nan da tokar shekaru, da guntayen tukunya, da gorar da ta ƙone. Can tsakiya allon Kawu ne, inda ya jefa shi cikin fushi, sandarsa ta cake a karkace.

Doyar Mama tana jikinsa. Ta kafa saiwa a cikin toka da kashin awaki, ta yi ƙiba fiye da duk wadda na taɓa gani, ta naɗe sandar ta hagu, zagaye bayan zagaye, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ta kai kan katakon ta bi gefensa na hagu, ta buɗe manyan ganye biyu masu sheƙi. Ɗaya ya rufe KO, ɗaya ya rufe DA. Kanta ya wuce sama, yana lalube cikin iska, yana neman abin kamawa.

Malam Gilbert ya ce ganye inda rana take yake buɗewa, kuma na yarda da shi. Amma duk wanda ya yi aji ɗaya a wurin ya karanta abin da ya rage a allon, sama da ƙasa. MAMA. Mama Selina ta kai bakin zanenta ido.

Kawu ya matso. Ya cire safar hannu ɗaya, ya taɓa ganyen da ɗan yatsa.

"Afiniki ke nan," ya ce. "A gida ma ni nake riƙe igiyar in babanmu ya ce a ɗaure mata hannu. Tana gama kuka ta ɗauki cokali da hagu tana kallona."

Mutanen baya suna ta turowa don su gani. Hanyar da ta fi faɗi ta dama take, kuma ta nan gindin doyar yake, ƙafafu sun fara kusantarsa. Kafin in buɗe baki na ji usur a kunnena. Kawu ya mayar da safarsa, ya tsaya a gaban gindin ya ware hannuwa.

"Kowa hagu. Hagu na ce. Fasto, da kai nake."

"Oga Tirafik, dokar gwamnati fa?" in ji Mama Selina.

"Na ba ta famit."

Haka ikilisiya ta wuce ɗaya bayan ɗaya ta hagu, ta cikin toka da ƙaiƙayi, Fasto a gaba yana tattare wandonsa. Da suka ƙare Mama Selina ta miƙa wa Kawu fartanya, ta tasa shi gaba zuwa ramin da ya bari a gonarta.

Da kaka doyar ta cika ƙwaryar Mama har ta zuba. Kawu ne ya fi kowa ci. In ka zauna da shi yanzu, bayan ya gama juya Kafanchan, zai gaya maka cewa shi ne ya gano doyar bisa ta fi son juji.